Matamai ta taɓa matse mai, yau da jarkar Maleziya muke miya



Hutun da ya wuce na je gida Kurni. Da yamma aka aiki ƙaramar ƙanwata ta sayo man miya, ta dawo da shi ƙulle a leda, na dala ashirin. Na bi ta na koma wurin mai tebur ɗin don in ga jarkar da ya tsiyayo shi. Jarka ce ruwan ɗorawa mai lita 25, irin wadda kowa ya sani, an rubuta a jikinta cewa man ja ne da aka tace a Maleziya. Man nan ya hau jirgin ruwa, ya sauka a bakin teku, ya hau babbar mota ya ci dubban kilomita kafin ya shiga tukunyar gidanmu. A bayan gidan kuwa gonar gujiya ce. Da na faɗa wa kakana, dariya kawai ya yi, ya ce: "Ɗan nan, ai a da mu ke ba Turawa mai."

Na san da yawa cikinku, musamman waɗanda aka haifa a Damagaram ko Yamai, za su ɗauka zancen tsofaffi ne. To ba zancen tsofaffi ba ne. Matamai, wannan da kuke wucewa ta cikinta in za ku Ɗan Barto ku tsallaka Daura, wadda ba ku san ta da komai ba sai rake, ta taɓa zama garin masana'anta. Akwai kamfanin matse man gujiya a cikinta, SHN, tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Yadda ya tashi da yadda ya mutu shi nake so mu tattauna, domin ina ganin kuskuren da aka yi a lokacin muna shirin sake yin sa, har muna tafi.

Mu fara daga tushe. Gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, ta daɗe a ƙasar Hausa, amma abin da ya mai da ita kuɗi shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Daga nan hanya ta buɗe daga gonar talaka har bakin teku a Legas. Kano ta cika da dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Mu kuma a wannan ɓangaren na iyaka Faransa ce ke mulki, kuma Faransa na bukatar mai don girkinta da sabulunta. Ta ɗora wa kowane magidanci lanho, ta ce da kuɗi za a biya. Hatsi a rumbu ba ya biyan lanho. Manomin Kance da Magarya da Maraɗi ya duba ya ga abu ɗaya ne Bature ke saya da kuɗi hannu, sai ya rage wa hatsi wuri ya shuka gujiya. Ƙasarmu mai rairayi ce, ruwan sama ya fi na arewa, ga mu kusa da Kano inda jirgi yake. Shi ya sa yankin nan ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gujiya na Nijar.

Da gujiya ta yi yawa sai aka ga ɗaukar mai ya fi ɗaukar ƙwaya sauƙi. Kusan rabin nauyin ɓararriyar gujiya mai ne, sauran tunkuza ce da ake ba dabbobi. Aka kafa SICONIGER a Maraɗi, aka kafa SHN a Matamai a shekarun 1950, daga baya a farkon shekarun 1970 aka ƙara SEPANI a Magarya. Ku lura da wannan: cikin manyan masana'antun mai uku da ƙasar nan ta mallaka a lokacin, biyu a jihar Damagaram suke, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai yini ba. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gujiya a hannun ƙasa, ta kafa UNCC a wannan shekarar don tsara manoma cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa da ba su bashi. A shekarun 1960 gujiya da manta su ne fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa a waje. Albashin ma'aikacin Yamai, motar minista, ginin ofis, kaso mai tsoka daga hauyar mutanenmu ya fito.

Ku tambayi duk wani tsoho daga Kurni ko Tsauni ko Yawuri yadda kakar gujiya take a lokacin, za ku ga fuskarsa ta sauya. Kakana ya ce tun asuba ake ɗora wa jakuna buhu a nufi kasuwar awo. Akwai masu ɓara, masu ɗinkin buhu, ƴan dako, masu jiran sikeli, direbobi da yaransu. Mata na sayar da tuwo da fura ga masu jiran layi. Tela ya samu aiki, maƙeri ya samu, mahauci ya samu. A kakar gujiya ake ɗaura aure, a sayi keke da rediyo, a biya bashin bazara. A cikin Matamai kuma an samu wani sabon abu da ƙauyukanmu ba su saba da shi ba: mutumin da ke tashi da safe ya tafi aiki ya dawo, ƙarshen wata a ba shi albashi, yana gida tare da iyalinsa. Wanda ya iya gyaran inji ya koya wa yaro. Ƙaramin gari ya fara jin kansa gari.

Amma kar mu yi saurin cewa zamanin zinariya ne. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ɗokin tuna baya yana sa mutum ya manta da ƙayar da ya taka. Na matsa wa kakana da tambaya, na ce: "Kaka, wa ke yanka farashi?" Ya ce daga sama ake aiko shi. "Wa ke riƙe da sikeli?" Ya ce mai saye. Ya ba ni labarin shekarar da ya auna kayansa a gida da tiya, ya san abin da ya ɗauko, ya je gaban wani mai awo aka ce masa ba su kai haka ba. Bai iya karanta lambar sikeli ba, ga mai karɓar lanho na jira, sai ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya. Na ce masa: "To a cikin masana'antar fa, kuna da kaso?" Sai ya dube ni kamar na yi wauta. Tambayar ma ba ta taɓa zuwar masa ba.

Ga inda matsalar take. Manomi ne ya ɗauki nauyin masana'antar, amma ba tasa ba ce. Ba shi da murya a farashi, ba shi da hannun jari, ba ya ganin lissafi. Tazarar da ke tsakanin abin da ake biyansa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya tana tafiya baitulmali da aljihun ƴan tsakiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma abin da ba naka ba, ranar da ya fara rushewa ba za ka sa kafaɗa ka tare shi ba.

Ranar kuwa ta zo, kuma ba daga ƙofa ɗaya ta shigo ba. Da farko Faransa, wadda ta daɗe tana sayen gujiyar ƙasashen da ta raina a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, ta janye wannan tallafi a ƙarshen shekarun 1960 saboda ƙa'idojin kasuwar Turai. Waken soya da sauran nau'o'in mai suka cika kasuwa. Sai fari ya biyo baya, ya yi tsanani a 1973 da 1974, mutane suka cinye har irin shuka. Wanda ya ga yunwa da idonsa ya koyi darasi: ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi in babu hatsi a kasuwa. A cikin wannan hali sojoji suka kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Ana cewa za a farfaɗo, sai a 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai sa gujiya ta tsuke ta ƙi yin ƴaƴa, ta share gonaki daga arewacin Najeriya har zuwa nan. Manoma suka koma hatsi da wake. Ba laifinsu, ko ni ne abin da zan yi ke nan.

A nan ne ya kamata ƙasa ta tsaya. A nemo iri mai jure cuta a raba, a ɗaga farashi don manomi ya ga dalilin komawa, a riƙe masana'antu da rai har gona ta warke. An ɗan taɓa, amma zuciyar hukuma ta riga ta koma wani wuri. SOMAIR ta fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, kuɗi na shigowa kamar ba za su ƙare ba. Wa zai tsaya wahala da dubban ƙananan manoma alhali rami ɗaya a hamada na cika baitulmali? Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI, kamfanonin gwamnati suka shiga layin sayarwa ko rufewa. SONARA ta mutu. Injinan mai, da ba su samun abin da za su matsa, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta Maraɗi ta sake samun masu ita daga baya. Mu a nan sai labari.

Me ya biyo baya? Kun sani, domin da yawanku ƴaƴan wannan abin ne. Yankin Kance na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau an raba ta tsakanin jikoki goma. Gona ta tsuke, babu albashi, babu abin da ke riƙe mutum a gida daga an gama girbi zuwa saukar ruwa. Maza suka bi ci-rani, Kano, Legas, Libiya. Mata suka ɗauki yara suka nufi Aljeriya. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki namu suka fito. Tun daga lokacin sunan Kance ya zama abin zolaya a bakin wasu ƴan birni. Ni kaina an sha jefa mini magana a jami'a: "Ku ne masu bara a Aljeriya." Wallahi maganar na ci mini rai. Mai faɗin haka bai san cewa iyayen matan nan ne suka ciyar da baitulmalin ƙasar nan lokacin da babu yuraniyom, babu fetur ba.

Ban ce rufe masana'anta ɗaya ce ta kai mutane hamada ba. Dalilan sun fi haka yawa: ƙarancin ƙasa, yawan haihuwa, sakin aure ba tare da kula ba, raunin lakwal. Abin da nake cewa shi ne, an cire ginshiƙin da ke kawo kuɗi a yankin, ba a kafa wani a madadinsa ba, shekara kusan hamsin ke nan.

Yanzu ga inda zan saɓa da wasu abokan gwagwarmaya. Duk lokacin da aka ta da wannan magana a fada, amsar da nake ji ita ce: gwamnati ta dawo mana da masana'antarmu, ko a kawo mai zuba jari daga waje ya gina sabuwa. Na fahimci wannan buri. Amma a ce gobe an kawo katafaren inji an dasa a Matamai, an yanka kyalle, an yi hoto. Wa zai ba shi gujiyar da zai matsa wata goma sha biyu? A wane farashi? Wa ke da shi? In amsar ita ce irin ta da, to ƙarshen ma irin na da ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu dubi Akokan. Gari ne da aka gina don rami ɗaya. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ɗaruruwan ma'aikata da masu ƙananan kwangila suka wayi gari babu aiki, kamar yadda ƴan dakon Matamai suka wayi gari shekaru da dama kafin su. Mu dubi SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Alheri ce, ba musu. Amma ranar da rijiyoyin Agadem suka ja baya, me ƙauyukan da ke kewaye da ita za su riƙe? Gujiya, yuraniyom, fetur: kaya na sauyawa, tsari ɗaya ne. A ɗora gari a kan abu ɗaya, a ajiye iko a nesa, in abin ya ƙare a kwashe a tafi.

Alhali kuwa akwai masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba. Tana cikin gidajenmu. Kakata da ƙawayenta sun matse mai kafin a kawo inji, sun matse lokacin da inji ke aiki, suna matsewa har gobe. A soya gujiya, a murje, a kai niƙa, a zuba a turmi a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso, a murza tunkuza a toya ƙuliƙuli. Harawa kuma a ɗaure a ajiye wa tunkiya, in rani ya yi nisa ta zama kuɗi. Babu abin da ake zubarwa. Fari bai kashe wannan sana'a ba, Bankin Duniya bai rufe ta ba, saboda masu ita su ne masu yin ta. Haka gawon da ya sake rufe gonakin Matamai da Magarya da Mirya, har masana daga Turai da Amurka ke zuwa kallo: manoma ne suka bar shi ya tsiro suka kula da shi, da suka tabbata itacen nasu ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san abin da wani zai ce: "Kai ɗan boko, turmi zai yi gasa da Maleziya?" Gaskiya ne, ba zai yi ba. Man ja ya fi araha saboda gonakinsu manya ne, injinansu manya ne, kuma uwar da ke da dala ashirin a hannu mai araha za ta saya, ba ni da bakin zarginta. Ban ce mu zauna a turmi ba. Tsakanin turmi da katafaren kamfani akwai fili mai faɗi: ƙaramin injin ɓara, injin soya, injin matsa da na tacewa, wanda ƙungiyar mata talatin ko hamsin za ta iya mallaka, wanda maƙerin Damagaram ko Kano zai iya gyarawa. Man gujiya na da masu son sa, mai suya da mai ƙilishi da uwargidan birni suna biyan ƙari don ƙamshinsa. Abin da ke karya matan nan sananne ne. Ba su da jarin sayen gujiya da kaka lokacin da take araha, sai su saya da rani a hannun wanda ya ɓoye. Ba su da wuta tsayayya, kuma mun ga yadda aka yi a 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki. Ba su da wurin ajiya mai kyau, gujiyar da ta sha danshi kuwa tana yin fumfuna mai dafi da ke cutar da hanta, wanda ke hana kaya shiga manyan kasuwanni. Waɗannan duka matsaloli ne masu magani, kuma maganinsu bai kai kuɗin atelye goma a otal ɗin Yamai ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da sunansa, a daina roƙon "a taimaka wa matasa" wanda ba shi da kai ba shi da gindi. Na ɗaya, iri mai kyau mai jure cuta ya iso hannun manomi kafin ruwan farko, INRAN na da masana, aikin a kawo shi ƙauye ne. Na biyu, tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa, wanda an riga an gwada shi a ƙasar nan, a faɗaɗa shi ga ƙungiyoyin mata masu mai. Na uku, wutar hasken rana ga ƙananan injina a manyan ƙauyuka irin Kurni da Dungu. Na huɗu, kantin lakwal, barikin soja, gidan kaso da asibiti su sayi wani kaso na mansu daga hannun masu matsewa na gida. Kasuwa tabbatacciya ita ce ke sa mutum ya yi ƙarfin halin sayen inji. Na biyar, duk mai jarin da zai zo, muna maraba, amma a rubuta kason manoma a takarda, farashi a tattauna shi a fili, sikeli kuma kowa ya ga lambarsa.

Kwanakin nan kowa na maganar ƴancin kai da diyaucin ƙasa, kuma ina cikin masu yin ta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙasar da in an rufe mata hanyar teku na wata biyu farashin man miya ke gagarar talaka, alhali gujiya na tsirowa a bayan ɗakinsa, da sauran aiki a gabanta. Diyauci ya kamata a gan shi a tukunya kamar yadda ake ganinsa a dandalin gangami.

Mu kuma da muka yi karatu, muna da namu laifin. Mun karɓi diplom mun zauna a fada muna shan shayi muna jiran sakamakon gasar ɗaukar aiki, muna ganin ƙuliƙuli sana'ar tsofaffin mata ce. Wanda ya karanci lissafin kuɗi zai iya riƙe wa ƙungiyar unguwarsu littafi. Wanda ya karanci noma zai iya koya wa mutane shanya gujiya yadda ba za ta yi fumfuna ba. Wanda ya iya Facebook da WhatsApp zai iya nemo wa man garinsu masu saye a Yamai da Agadas. Ni na fara da ƙaramin abu: na zauna da matan gidanmu mun lissafa abin da suke kashewa a kan kowace tiya da abin da ke dawowa. Sai ga shi a wasu watanni wahalarsu kawai suke sayarwa, ribar tana cikin ƙuliƙulin. Ba su taɓa ganin lissafin a rubuce ba, kuma tun ranar suka sauya lokacin da suke sayen gujiya.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku. Tsofaffin da suka yi aiki a masana'antar Matamai, da waɗanda suka yi dako, da matan da suka sayar da abinci a bakin ƙofa, suna ƙarewa. In kana da irinsu a gida, ɗauki wayarka ka zauna da su ka naɗi muryarsu. Tambaye su aikin da suka yi, abin da ake biyansu, da yadda ranar ƙarshe ta kasance. Ku turo mana ta akwatin saƙo, za mu tattara mu wallafa a nan da izininsu. Ƴan Matamai kuma, ku je ofishin magajin gari ku tambaya cikin ladabi: filin da masana'antar take, a hannun wa yake yau, kuma me aka tsara a kansa? Haƙƙinku ne ku ji amsa.

Da zan dawo, kakata ta cika mini kwalba da man da ta matse da hannunta, ta toshe bakin da leda ta ɗaure da zare. Ta ce in na isa birni in ba abokaina su ɗanɗana, in sun ji daɗi su aiko da kuɗi, ba kyauta ba ce ta biyu. Kwalbar ta ƙare tun makon farko, kuma mutum huɗu sun riga sun ba ni saƙo.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman abinci, Ya ba mu damina mai albarka. Ku bayyana ra'ayinku, musamman wanda bai yarda da ni ba.